Lissafin Bangon Ilu

Ni mai haƙar yashi ne a gaɓar kogin Ringim.
Shekara goma sha tara ina loda tifa,
shebur ya ci tafin hannuna har ya ƙoshi.
Yashin da na ɗora ya zama benaye a Kano,
ban taɓa hawa ko ɗaya ba.

Ƙanena Haladu bai gaji shebur ba.
In rani ya yi, kogi ya janye ya bar mana gadonsa,
sai ya kafa kara biyu nan, kara biyu can,
ya tara yaran masunta da na makiyaya,
su yi ta fama da wata ƙwallo mai faci huɗu
har ladan ya kira magariba.
Baba ya ce, "Yayanka na ci da yashi,
kai kana wasa da shi."
Haladu ya sunkuyar da kai.
Washegari ya koma.

To, yau ga shi a bakin teku,
rigar ƙasa a jikinsa, kore da fari,
ƙafa tsirara kamar yadda ya bar gida.
Inna Tasalla ta leƙa hoton ta tafa hannu:
"Duk faɗin gwamnati
a rasa mai saya wa yaron nan takalmi?"

Gidan kallo ba ya nuna wasansu,
can sai na Turai, inda kuɗi ke gudu a kan ciyawa.
Mu shagon Ilu mai cajin waya muke taruwa,
mu takwas, kai da kai,
a kan waya ɗaya mai tsagaggen gilashi,
sabis na zuwa yana komawa kamar mai bin bashi.
Ran nan hoto ya daskare Haladu na sama,
kai ƙasa, ƙafa sama, rairayi ya tashi ya tsaya cak.
Ilu ya ɗaga wayar saitin tsamiya.
Muka riƙe numfashi.
Kafin hoto ya dawo har an mai da ƙwallo tsakiya.
Ta shiga.
Ba mu gani ba, amma ta shiga.

Ilu ke riƙe lissafi da gawayi a bango:
zane tsaye in an ci, zane kwance in an sha kashi.
Babu kunnen doki a wannan wasa,
zango uku, mutum biyar-biyar,
dole wani ya kwana da baƙin ciki.
Tsaye goma sha ɗaya. Kwance goma sha huɗu.
Akwai wata kwance mai kauri,
inda Ilu ya danna har gawayin ya karye:
wasan ƙarshe ne, kofi na kallonmu muna kallonsa.
Akwai shekarar da bango bai sami komai ba,
an ce babu kuɗin jirgi.
Haladu ya dawo ya taya ni lodi wata biyu,
bai ce uffan ba, ni ma ban taɓo zancen ba.

A jakarsa ya zo mini da tsaraba,
yashin teku cikin gorar ruwa.
Fari tas, laushi kamar garin da aka tankaɗe,
babu ƙaya, babu kashin shanu.
Na murza a yatsu, na ɗanɗana, gishiri.
Na ce, "Wannan ba zai riƙe siminti ba."
Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.
Ya ce, "Yaya, ni dai ya riƙe ni."

Bana damina ta zo da iskar gabas,
ruwan dare ɗaya ya wanke bangon Ilu.
Da safe muka tsaya muna gardama,
wani ya ce goma, wani ya ce tara.
Sai ga Baba zai wuce gona,
shi da bai taɓa taka ƙofar shagon ba,
fartanya a kafaɗa, ko juyowa bai yi ba:
"Tsaye goma sha ɗaya ne.
Kada ku rage masa ko ɗaya."